Na Kawo Tsarin Banki Sashenmu, Malamai Sun Juya Mini Baya

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata jami'ar gwamnatin tarayya a Arewa, a ɓangaren kimiyyar zamantakewa. Kafin in shiga koyarwa na yi shekara bakwai a banki, har na riƙe reshe. Wata biyar ke nan da aka naɗa ni shugabar sashe. Na tarar da abubuwa a dagule: sakamakon jarrabawa yakan yi wata huɗu bai fito ba, 'yan ajin ƙarshe suna rasa tafiya bautar ƙasa, sabuwar manhajar karatu ta cakuɗe da tsohuwa, ga masu tantancewa na NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, za su zo baɗi. A takarda mu goma sha shida ne, amma uku suna karatu a waje, biyu sun ajiye aiki, ɗalibai kuwa sun kai ɗari takwas.

Sai na ce bari in yi abin da na iya. Na ajiye rajistar sa hannu safe da yamma, na ba kowa mako biyu ya kawo maki, na ɗora wa kowa maƙala biyu a shekara, na kuma fitar da jadawalin ƙwazo daga na ɗaya zuwa na ƙarshe na sa a zaurenmu na WhatsApp. A taro na ce ɗalibai kwastomominmu ne. Tun ranar Farfesan da ya duba digirina na uku, wanda ya faɗo ƙasan jadawalin, ya daina zuwa taro. Matasan malamai suna gaishe ni sama-sama, an ce ma an kai ƙarata wajen ƙungiyar malaman jami'a. Rajistar mutum uku ke sa hannu. Ba na barci, rubutuna ya tsaya, maigidana ya ce in ajiye muƙamin. Shin laifi ne a tafiyar da sashe kamar kamfani? In ajiye, ko in ƙara matsawa?

Dakta, daga wata jami'a a Arewa

Wa alaikumus salam, Dakta. Allah ya taya ki riƙo, ya sa ki sauka lafiya. Duk abin da kika lissafa ciwo ne na gaske. Wanda ya ga yaro ya gama karatu yana zaune a gida saboda makin kwas ɗaya bai fito ba, har abin ya hana shi barci, to zuciyarsa tana da rai. Ba zan ce kin yi laifi da kika tashi gyara ba. Amma tunda gaskiya kika nema, jadawalin nan na WhatsApp kuskure ne, rajistar ma haka, kuma sai kin janye su kafin wani abu ya tafi daidai.

Ki tuna zamanki na manajar reshe. Abin da ya ba maganarki nauyi a can shi ne hannunki yana kusa da albashin mutum, da garaɓasarsa ta ƙarshen shekara, da takardar sallamarsa. A kujerar da kike yanzu babu ko ɗaya. Ɗaukar malami da korarsa hurumin majalisar gudanarwar jami'a ne, bayan kwamitoci sun zauna. Albashinsa daga Abuja yake zuwa, ko kin yaba masa ko kin kushe shi. Hawansa zuwa Farfesa ya rataya a kan rubuce-rubucensa da hukuncin masana na waje da ake aika wa su duba. Ga wa'adi: a yawancin jami'o'inmu shekara biyu ne, in an sabunta a ƙara biyu, daga nan ki koma ofishinki, wanda kika sa a lamba ta goma sha ɗaya ya zama shi ke raba miki kwas. Farfesa kuwa tun gyaran dokar 2012 yana iya zama har ya cika shekara 70. Ya ga shugabannin sashe da yawa sun zo sun wuce, kuma ya san zai iya jiran wucewarki.

Abin da ke hannunki shi ne rabon kwasa-kwasai, da jadawalin darasi da na jarrabawa, da ajandar taron sashe, da sa hannu a fom ɗin kimanta aiki na shekara, da ta-cewa a kan wanda zai tafi taron ƙara wa juna sani ko hutun karatu. Mafi ƙarfi a cikinsu taron sashe ne. Wa'adin mako biyun da kika yanke ke kaɗai umarnin Dakta ne, kowa na iya ɗaga kafaɗa. Da a taro aka yanke shi, aka rubuta a minit, wato rahoton taro, aka karanta aka amince, wanda ya saɓa ya saɓa wa sashe ne, kuma abokan aikinsa za su riga ki yi masa magana.

Ko a duniyar kamfanoni, jera ma'aikata daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ya sha suka. Kamfanin General Electric ya yi suna da shi a zamanin shugabansa Jack Welch, inda ake ware kashi goma na ƙasa a sallame su. Microsoft ya yi amfani da irinsa, ya watsar a 2013 bayan an daɗe ana kukan yana sa abokan aiki yi wa juna ƙafar ungulu. Ke da kika fito banki kuma kin san abin da ya fasu a bankin Wells Fargo na Amurka a 2016: an ɗora wa ma'aikata adadin asusun da za su buɗe, suka cika adadin ta hanyar buɗe wa mutane asusun da ba su nema ba. Duk abin da aka ce da shi za a auna mutum, zai samo hanyar cika shi. A sashenki, maƙala biyu dole a shekara za ta haifar da tururuwa zuwa mujallun da ke karɓar kuɗi su buga ba tare da an duba ba, da cinikin "sa sunana in sa naka". In kika auna malami da yawan ɗaliban da suka ci, maki zai kumbura. Rajista kuwa kin riga kin ga sakamakonta; ko da duka sun sa hannu, abin da za ki sani kawai shi ne sun shigo ofis, alhali mai duba furojet goma a gida da dare ya fi mai zaman hira a baranda aiki.

Maganar kwastoma tana da inda ta dace. A ofishin sashe, wajen rajistar kwas, sa hannu a fom, gyaran makin da ya ɓace, a nan kam a ɗauki ɗalibi kamar kwastoma: a faɗa masa ranar da zai dawo, a kuma cika. Amma a ɗakin jarrabawa malami alƙali ne, kuma yakan yanke hukuncin da bai yi wa ɗalibi daɗi ba. Da kika faɗi kalmar a taro, abin da dattawan suka ji shi ne ana so su zama masu tsaron shago. Ki bar kalmar, ki riƙe aikin.

Yanzu mu dubi mutanen. Farfesa ya raine ki a ilimi, ya karanta babi-babin digirinki, wataƙila ya tsaya miki a gaban masu jarrabawa. Sai ya wayi gari sunansa a ƙasan jeri, a zauren da ɗalibansa na jiya suke, cikin wayar da ake iya tura hoto ko'ina. Kuma ina kyautata zaton jadawalin bai ƙirga abin da yake yi ba: duba ɗaliban digiri na biyu da na uku, zaman kwamitoci, wakiltar sashe a majalisar jami'a. Wannan ba ya wanke shi idan yana riƙe maki wata uku, sai dai wannan magana ce ta ku biyu a bayan ƙofa.

Matasan malamai kuwa su ne ke ɗauke da manyan azuzuwa, kuma su ne aljihunsu ya fi jin jiki. Sun sha yajin aikin 2020 na kusan wata tara, suka sha na 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, aka riƙe albashin watannin, daga baya aka biya wani ɓangare. Aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin zuwa aiki ya ninka. Kalandar karatu ta matse don a cike giɓi, har ana fara sabon zango takardun wanda ya wuce suna kan tebur. Mutumin da ke cikin wannan hali kika ce ya zo ya sa hannu safe da yamma, ko yana da darasi ko ba shi da. Sai ki lura, ku goma sha ɗaya ne a kan ɗalibai ɗari takwas, wato kusan 73 ga kowane malami, alhali ma'aunin NUC a fanninku malami ɗaya ne ga ɗalibi 30. Aikin mutum wajen ashirin da bakwai kuke yi. Ba lalaci kika tarar ba tukuna. Sai an raba kayan daidai za a gane wane ne malalaci.

Farkon abin yi, cikin makon nan, ki je wajen Farfesa. Kada ki kira shi ofishinki, kada ki tura saƙo. Ki je gidansa ko ofishinsa, in da hali da rakiyar wani dattijo da yake jin nauyinsa. Ki ce, "Ranka ya daɗe, na yi garaje, na zo a yafe mini, kuma ina neman ka riƙe mini hannu." Kada ki haɗa da "amma". Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle ga malaminki. Sannan ki roƙe shi wani aiki takamaimai da ya dace da girmansa, wanda zan zo kansa. A taro na gaba ki faɗa a jimla biyu cewa kin janye jadawalin da rajistar, ki wuce zuwa ajanda, ba tare da dogon bayanin kare kai ba. Shugaban ƙungiya na reshenku ma ki same shi da kanki kafin ya neme ki. Ƙarar da aka riga aka warware ba ta da sauran armashi.

To, me za a ɗauka daga kamfani? Dabarun da ke bin sawun aiki. A masana'anta ana cewa saurin layi gaba ɗaya daidai yake da saurin wurin da ya fi cushewa, don haka a nemo wurin a buɗe shi, a bar sauran. Ki zaɓi ciwo ɗaya na zangon nan, ni kuwa na ce ki zaɓi sakamakon jarrabawa, domin shi ne wanda ba mai musun cewa ciwo ne. Ki zauna da jami'in jarrabawa da sakataren sashe, ku ɗauki kwas goma na zangon da ya wuce, ku rubuta ranar da aka yi jarrabawar, ranar da malami ya karɓi takardu, ranar da ya kawo maki, ranar da aka shigar, ranar taron sashe, na tsangaya, da na majalisar jami'a. Ki ƙirga kwanakin da ke tsakanin kowane mataki. Sau da yawa abin da ake tararwa shi ne kwas biyu ko uku ne ke riƙe sauran duka, ko makin gwajin cikin zango ne bai zo ba, ko makin kwasa-kwasan gama-gari da ake jira daga wani sashe, ko kuma komai ya kammala an rasa zaman tsangaya da kwana biyu sai a jira na wata mai zuwa.

Ki yi wannan lissafin a gaban kowa. Malami mai takarda 400, in kowace ta ci minti goma, awa 67 ke nan. In yana ba ta awa huɗu kullum, kwana goma sha bakwai na aiki, sama da mako uku, kuma kwas ɗaya ke nan. In yana da biyu irinsa ya doshi mako bakwai. Mai aji na mutum talatin kuwa yini biyu ya ishe shi. Kin ga wa'adin mako biyu ga kowa ya yi wa wani yawa, ya zalunci wani. Sai a yanke wa'adi bisa yawan takardu: misali ƙasa da ɗari kwana bakwai, zuwa ɗari biyu da hamsin kwana goma sha huɗu, abin da ya haura nan kuma a yi masa gayya. Mutum biyar su zauna ɗaki ɗaya da jagorar maki a rubuce, kowa ya ɗauki tambaya ɗaya ya bi ta a duk takardun, mai kwas ya duba samfuri ya sa hannu. Takarda 400 za ta ƙare cikin kwana uku zuwa huɗu, kuma makin ya fi daidaito tunda hannu ɗaya ne ya bi kowace tambaya. Inda abin ke lalacewa shi ne idan jagorar maki ba ta fito filla-filla ba, ko aka bar takardu suna fita daga ɗakin. Ki tanadi abincin rana da ruwa. Wannan ɗan kuɗin ya fi kowace takardar gargaɗi aiki.

Makin gwajin cikin zango, wanda yawanci kashi 30 ne ko 40, a karɓe shi kafin mako na goma sha biyu cikin sha biyar na karatu, a liƙa wa ɗalibai su gani su yi ƙorafi tun kafin jarrabawa. Rabin rigimar "makina ya ɓace" a nan take mutuwa. A yi fom ɗin Excel guda ɗaya, da lambobin ɗalibai da aka ciro daga jerin waɗanda suka yi rajista, a kulle gurbin lissafi don kada kowa ya taɓa. A ajiye littafin miƙa takardu: wa ya karɓa, guda nawa, yaushe, da sa hannun mutum biyu. Sannan ki samo ranakun zaman tsangaya da na majalisa, ki ƙirgo baya, ki sa ranar taron sashe aƙalla kwana goma kafin na tsangaya. 'Yan ajin ƙarshe a fara da su, domin sunan da majalisa ba ta amince da shi ba ba ya shiga jerin bautar ƙasa.

Idan kina son allo, ki ari na Toyota, wanda suke kira kanban: farin allo a ofishin jami'in jarrabawa, an raba shi gida-gida, daga "ana dubawa" zuwa "an kawo", "an shigar", "ya wuce sashe". Kowane kwas da ɗan katinsa, lambar kwas kawai, babu suna babu matsayi. Kowa ya san mai kwas ɗin, ba sai kin faɗa ba, kuma katin da ya kwana a gida ɗaya shi zai yi magana. Tambayar da za ki yi a kansa ita ce, "Me ya tsare shi, wa zai taimaka?"

Rabon aiki shi ne abu na biyu, kuma nan ne matasan za su gane ko da gaske kike. Ki kafa kwamitin mutum uku, babba da matsakaici da ƙarami, su fito da awo ɗaya da ke ƙirga awannin darasi, yawan ɗalibai, furojet, ɗaliban manyan digiri, da muƙamai irin su jami'in jarrabawa da mai kula da aji. Kada ki tsara musu. Su yi gardamarsu, taro ya amince. Da zarar an baje shi a takarda ɗaya za a ga wanda ke ɗauke da buhu uku da wanda ke riƙe da jaka, kuma gyaran zai zo da sauƙi fiye da yadda kike zato. Jami'in jarrabawa musamman a rage masa kwas, a kuma ba shi mataimaki mai koyon aikin. Sashen da duk sakamakonsa na shekara biyar ke cikin kwamfutar mutum ɗaya yana zaune a kan ƙaya, ga shi kin riga kin rasa mutum biyu. A ajiye kwafi uku: bugagge mai sa hannu a kabad, ɗaya a na'urar ajiya a ofishinki, ɗaya a intanet a asusun sashe, ba na wani mutum ba. Duk wanda zai tafi hutun karatu ko ajiye aiki, kada ki sa hannu a takardar sallamarsa sai ya miƙa maki da takardu da ɗaliban da yake dubawa.

Batun manhaja. Sabon tsarin manhaja na CCMAS da NUC ta ƙaddamar a Disamban 2022, aka fara aiki da shi daga 2023, ya tsayar da kashi 70 na abin da za a koyar, ya bar wa jami'a kashi 30. Rikicin da kike gani ya zo ne daga gudanar da manhaja biyu lokaci guda: lambobin kwas sun canja, wasu an haɗe su, wasu nauyinsu ya ragu, ga masu kariyoba, wato maimaita kwas ɗin da suka faɗi, daga tsohon tsari suna neman kwas ɗin da babu shi yanzu. Maganinsa takarda ɗaya ce mai gida huɗu: tsohon kwas, sabon da ya maye gurbinsa, nauyin kowanne, da abin da mai maimaitawa zai yi. Taron sashe ya amince, ta wuce tsangaya da majalisa, a ba masu kula da aji, a liƙa a allo. In ba a bi da ita ta majalisa ba, ranar yaye ɗalibi za a ce nauyin kwasa-kwasansa bai cika ba. A kashi 30 ɗin nan ne tunaninki na kasuwa zai yi amfani sosai: ku kira tsofaffin ɗalibanku da masu ɗaukarsu aiki, mutum goma sun isa, ku tambaye su abin da yaranku ke kasawa a watanninsu na farko a wurin aiki. Ko kwas biyu aka gina a kan amsarsu an ci riba. Haka batun furojet da ake rubutawa da ChatGPT: kada ki ɓata kuɗi wajen farautar na'urar kamawa, a sa ɗalibi ya kare aikinsa da baki sau biyu, bayan babi na uku da kuma a ƙarshe, ya zo da takardun tambayoyin da ya raba ko muryoyin da ya naɗa.

Ga aikin Farfesa: shugabancin kwamitin shirin tantancewa. Ya ga zuwan masu tantancewa sau da dama, ya san abin da suke buɗewa, wataƙila ma shi kansa ya je tantance wasu. Cikakkiyar amincewa tana buƙatar kashi 70 a jimla, da kashi 70 a kowane ɗaya daga manyan ɓangarori huɗu, wato abin da ake koyarwa, malamai, gine-gine da kayan aiki, da laburare. Tana ɗaukar shekara biyar. Ta wucin gadi shekara biyu. In aka hana kuwa an tsayar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka daga yanzu kowane kwas ya samu fayil: tsarin darasi, tambayoyin jarrabawa na shekarun baya da jagorar makinsu, samfurin takardun da aka duba, rahoton mai jarrabawa na waje. A tattara minit na taruka, littafin jagorar ɗalibai, takardun ɗaukar malamai aiki da shaidar digirinsu. Ɓangaren malamai ne zai ba ku wuya, ga yawan ɗalibai, ga tsarin da ake so na kashi 20 Farfesoshi da masu bi musu, 35 manyan lakcarori, 45 na ƙasa. Wannan ya fi ƙarfinki, na shugaban tsangaya ne da shugaban jami'a. Ki rubuta musu takarda shafi ɗaya da alƙaluma tun yanzu, ki nemi gurbin ɗaukar malamai, da malaman wasu jami'o'i masu zuwa koyarwa a hutunsu na shekara, da rage adadin da ake ɗauka baɗi. Aron malamai na kwana uku don rufe idon baƙi kuwa, kada sa hannunki ya hau kai.

Kuɗi, a taƙaice, don nan ne tsofaffin ma'aikatan banki kan yi tuntuɓe saboda sun saba neman hanyar shiga. Tun 2015 kuɗin jami'o'in tarayya ta asusun bai-ɗaya na TSA suke bi. Kada ki buɗe wa sashe asusu a gefe, kada a karɓi ko naira ɗaya daga ɗalibi a hannu, ko da sunan gyaran fanka ne. Ɗan kuɗin gudanarwa da ake ba ki, ki kawo rasit da wuri don a sake ba ki, ki kuma karanta lissafinsa a taro. In kuna son gajerun kwasa-kwasai na kuɗi, ku bi ta sashen jami'a da ke kula da hakan, a rubuta kason kowa kafin a fara. Maimakon dokar maƙala biyu, ki sa mutum ɗaya ya riƙa bibiyar sanarwar TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta tallafin bincike da halartar taruka da ƙaro karatu, ya taya matasa cika fom, sannan a ware yammacin rana ɗaya a mako babu darasi babu taro, a zauna rubutu tare. Ke ma ki shiga, rubutunki da ya tsaya a nan zai motsa.

Bayan duk wannan za a samu mutum ɗaya, wataƙila biyu, da zai ci gaba da riƙe maki ba dalili. Ki bi da shi daki-daki: magana ku biyu, sannan a sa dattijo, sannan tunatarwa a rubuce mai ambaton hukuncin taro da kwanan wata, sannan a kai wa shugaban tsangaya da kwafin komai. Takardar tuhuma ita ce ta ƙarshe. Amma sayar da maki da neman ɗalibai mata ba sa cikin wannan layin. Ranar da ƙorafi irin wannan ya zo da hujja, a rubuce zai wuce zuwa kwamitin ladabtarwa, ba sulhu, ko wane ne.

Maigidanki yana ganin abin da ba kya gani, wato yadda kike dawowa gida, don haka kada ki yi watsi da maganarsa. Sai dai in kika ajiye yanzu, abin da za a tuna da ke shi ne jadawalin WhatsApp, kuma da mutanen nan za ki ci gaba da zama shekaru. Ki roƙe shi zango ɗaya. Cikin zangon ki naɗa wanda zai riƙe miki in ba kya nan, ki sa awannin ganin ɗalibai a ƙofa, ki daina amsa saƙon aiki bayan isha'i, taro kuma kada ya wuce awa ɗaya da rabi, a tashi da jerin wa zai yi me zuwa yaushe. In zango ya ƙare, ki sake ƙirga kwanakin nan na kwas goma. Idan wata huɗu ya dawo mako takwas, ki ci gaba, ki ɗauki ciwo na gaba. Idan kuwa lafiyarki ta ci gaba da taɓuwa, ko kika ga shugaban tsangaya ba ya mara wa hukuncin taro baya, ki rubuta takardar sauka a ƙarshen shekarar karatu, ba a tsakiyar jarrabawa ba, ki miƙa fayilolin tantancewa a kammale ga wanda zai gaje ki.

Kafin ki je wajen Farfesa, ki goge jadawalin daga zauren, ki kuma tambayi sakatare ko an buga shi a takarda an sa a fayil ɗin wani. In an sa, a cire a gabanki.